Bargon da Na Saƙa wa Jikana

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Ku yi mini haƙuri, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma babu mai laifi a cikinsu sai ni.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, lokacin da makarantun Islamiyya na matan aure suka cika unguwanni, ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a cikin garin Daura da maigidana da 'ya'yana. Sana'ata saƙa ce: hular jarirai, safa, rigar sanyi, duk ina yi, kuma duk wadda ta haihu a unguwarmu ba ta aiko wurina ba, to ba ta son abu mai kyau ne. Ina da baki, wannan ba zan ɓoye ba, kuma babu abin da na tsana kamar a nuna mini an fi ni sanin abin da na sani. Haihuwata bakwai, shida a hannuna suka girma, don haka a ganina ba a haifi macen da za ta koya mini yadda ake kwantar da jariri ba.

Ɗayar da ba ta girma a hannuna ba ita ce 'yata ta fari. Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu can wajen Babban Mutum, a can ta tashi, ba ta dawo wurina ba sai da kakar tata ta rasu, a lokacin har ta zama budurwa. Ta taso tana jin ƙannena suna ce mini Yaya, ita ma sai ta kama ce mini Yaya, ni kuwa ban taɓa hana ta ba. Allah ya sani ina sonta, har ina jin ta fi sauran shiga raina, amma in ta shigo ɗaki sai in ɗaure fuska, in ta yi abin yabo sai in kau da kai, don kada mata su ce ba ni da kunya. Ina ganin ai ba sai na faɗa ba, tunda ni na haife ta, ta sani.

Ta auri wanda take so, wani yaron kirki ɗan Mai'adua mai sayar da hatsi. Mahaifiyarsa, wadda kowa yake ce wa Hajiya, tsohuwar ungozomar asibiti ce da ta ajiye aiki, kuma 'ya'yanta duk maza ne, Allah bai ba ta mace ba. Sai ta rungumi 'yata hannu bibbiyu. Zuwana na farko gidan, na tarar da su zaune a tabarma ɗaya suna cin tuwo a kwano ɗaya, Hajiya tana kiran sunanta gatsau kamar ita ta raɗa mata shi, tana tsokanarta, yarinyar tana dariya irin wadda ban taɓa jin ta yi a gidana ba. Can sai na ji ta ce mata Mama. Ni da na yi kwana biyu ina naƙudarta ina nan a Yaya, wata da ta gan ta jiya ta zama Mama. Na dawo Daura a mota, daga ranar nan na ƙulle matar a zuciyata, alhali ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba.

Da yarinyar ta samu ciki abin ya ƙaru. Duk zuwan da za ta yi gida, maganarta ba ta wuce Mama ta ce in je awo, Mama ta ce in sha ƙwayar ƙarin jini, Mama ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi. In na ce mata ga wani jiƙo da muke sha a zamaninmu, sai ta sunkuyar da kai ta ce to Yaya, amma bari ta tambayi Mama. Haba! Ni ce za a ɗauki maganata a kai wa wata ta duba ko ta yi daidai? Da na rasa yadda zan yi, sai na koma ga abin da na iya. Na ba wani direba saƙo ya sayo mini ulu mai kyau daga Kano, fari da shuɗi, na zauna na fara saƙa wa abin da za a haifa bargo. Wata biyar ina yinsa. Ruɓi biyu na yi shi, mai kauri da nauyi, na yi masa geza a gefe huɗu, irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba ko don kuɗi. Duk abin da bakina ya kasa faɗa wa yarinyar nan shekara ashirin da wani abu, a cikin bargon nan na zuba shi.

Da cikin ya tsufa Hajiya ta so a bar ta ta haihu a Mai'adua kusa da ita. Nan fa na tsaya kai da fata na ce haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, a nan za ta yi wankan jegonta na kwana arba'in, ba a kaina za a fara canza al'ada ba. Hajiya ba ta ja ba, ta ce gaskiyata ce, sai dai ta roƙi a kai ta asibiti in naƙuda ta zo. Hakan aka yi. Ta haifi namiji ana tsakiyar damina, lokacin da ruwa yake sauka kusan kullum, gari ya yi sanyi. Na ji kamar na ci gasa, ga 'yata ga jikana a ɗakina, ni nake dafa ruwan wanka, ni nake dama kunun kanwa, ni nake gasa nama.

Ranar suna na fito da bargon a gaban mata. Aka yi ta shewa ana juya shi, wata ta ce ai wannan sai 'ya'yan manya. Hajiya ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannunta, ta yaba aikin ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin saƙa mai kyau irin wannan ba. Da ta tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ta ƙara da cewa a adana masa shi har sai ya yi ƙwari ya fara tafiya, domin jariri sabon haihuwa ba a lulluɓa masa abu mai nauyi. Ta ce in ya rufe masa fuska ba shi da ƙarfin ture shi, ba shi da ƙarfin ɗaga kai, kuma ba lallai ya yi kukan da za a ji ba. Ta ce a riƙa kwantar da shi rigingine a kan abu mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin zannuwa a kusa da kansa, in ana sanyi a ƙara masa riga, in ma za a rufa masa zani to mara nauyi, iyakarsa ƙirji. Har wata 'yar katifa mai tauri ta zo da ita. Ta ce ta ga abin da ta gani a wurin aiki, ba ta so ta sake gani a gidanta.

Na yi dariya irin wadda ta fi zagi ciwo. Na ce ikon Allah, ashe mu da muka haifi bakwai muka naɗe su a tsumma da bargo kisa muka so yi Allah bai nufa ba. Na ce abin da muka sani tun kakanni shi ne sanyi ke kama jariri, ba ɗumi ba. Wasu tsofaffi suka goya mini baya. Na juya na dubi 'yata don in ga inda ta tsaya. Ba ni ta kalla ba, Hajiya ta kalla. Ta sa hannu ta karɓi bargon, ta ninke shi a hankali, ta ce an gode Yaya, Allah ya saka da alheri. A gaban matan unguwa kaf aka ninke aikin wata biyar aka ajiye gefe.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne ba ta sa shi a akwati ba. Ta ajiye shi a ƙarshen gadon da take kwana, in za ta kwanta sai ta rufe ƙafafunta da shi. Duk shigar da zan yi ɗakin in gan shi a nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Wato bargona bai isa ya taɓa jikin jikana ba, sai dai ya zama abin rufe ƙafa, ga kuma yaron can a kan 'yar katifar Hajiya da wani siririn zani kamar wanda ba shi da gata.

Yaron yana da kwana ashirin aka aiko cewa Hajiya za ta zo dubiya bayan la'asar. Tun azahar hadari ya haɗu. 'Yata ta ba shi nono ya ƙoshi ya yi barci, ta kwantar da shi rigingine a katifarsa a kan gado, ta ce mini Yaya ki ɗan saurara mini shi, ta ɗauki ganyen darbejiya ta shiga wankan yamma. Mai jego kuwa in ta shiga wankan nan kun san ba yanzu za ta fito ba. Na shiga ɗakin na tsaya a kansa. Zan iya ce muku sanyi na ji masa, kuma shekaru da yawa haka nake faɗa wa kaina, amma ƙarya ne. Abin da ke raina shi ne Hajiya ta shigo ta tarar da shi yana barci mai daɗi a cikin bargona, in dube ta in ce to ga shi nan, me ya same shi? Har na tsara yadda zan faɗi maganar.

Na ɗauke shi daga kan katifar. Na jawo filona mai laushi na audugar rimi, na kwantar da shi a kai ta gefe ɗaya, kusan rub da ciki, yadda na saba kwantar da nawa. Na ninka bargon biyu na lulluɓa masa har kunne, na cusa gefe da gefe a ƙarƙashin filon don kada iska ta shiga. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, farin ulun nan da shuɗi a jikin baƙin gashinsa. Na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi, ina ce masa angona yau ka shiga kayan kakarka ta gaskiya.

Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina da shanyar kuɓewa a tsakar gida, ga itacen dafa ruwan wanka a waje, ga awaki suna kuka. Na ce bari in kwashe in dawo yanzun nan. Na kwashe kuɓewa, na ja itace zuwa rumfa, na kora awaki. Ina shirin komawa sai na ga rariya ta toshe, ruwa ya juyo yana neman shiga madafi, na ɗauki sanda na tsaya zungura. Rufin ɗakin na kwano ne, in ruwa yana dukansa ko kiran mutum kake yi ba ya ji, balle motsin jariri. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san ina sunkuye a bakin rariya na ji ƙarar mashin a ƙofar gida, Hajiya ta shigo jiƙe sharkaf, ta yi sallama, muka gaisa a tsaitsaye, ta wuce ɗakin mai jego. Na ajiye sanda, na goge hannuna a zani, na bi bayanta a hankali ina murmushi, maganata tana bakina.

Ban kai ƙofa ba na ji salatinta. Wannan salatin har yau yana kunnena. Da na ɗaga labule na ga ta fizge bargon ta yi jifa da shi, ta ture filon ya faɗa bayan gado. Ashe yaron ya zame, fuskarsa ta nutse a cikin filon, bargon kuma ya hau kansa ya rufe ruf. Jikinsa zafi zau, ya jiƙe da gumi, ya saki gaba ɗaya kamar tsumma, leɓɓansa sun yi duhu. Ta shimfiɗe shi a tabarma a ƙasa, ta yaye masa riga, ta sa bakinta a kan hancinsa da bakinsa tana hura masa iska kaɗan kaɗan, tana danna ƙirjinsa da yatsu biyu. Ni kuwa ina tsaye riƙe da labule, bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya mutu, ko innalillahi na kasa ƙarasawa. Can sai ya yi wani ɗan tari, ya ja numfashi, ya saki kuka siriri kamar na ɗan kyanwa.

Kukan ne ya haɗu da fitowar uwarsa. Ta faɗo ɗakin da ɗaurin ƙirji, ganye manne a kafaɗarta. Ta ga ɗanta a ƙasa, ta ga bargon a yashe, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu tana cewa ita ce, ita ta bar bargon a kan gado, ita ta kashe ɗanta da sakacinta. Ba ta ga filon ba, tunda yana bayan gado. Hajiya ta ɗago kai ta dube ni. Kallo ɗaya ta yi mini, ba na fushi ba, kallon wadda take jira ne. Ina ji ina gani na yi shiru. Suka naɗe yaron a zani, mai mashin ɗin da ya kawo Hajiya bai riga ya tafi ba, suka hau cikin ruwan nan suka nufi asibiti. Kwana biyu suka yi aka sallame su, aka ce Allah ya kiyaye, da an ƙara ɗan lokaci da sai dai wani labarin.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Da mata suka riƙa shigowa jaje suna cewa kai, Allah ya yi wa Hajiya albarka, ba don ita ba da an rasa yaron nan, maimakon in ji godiya sai na ji kishi. Matar da ta ceci ran jikana daga abin da hannuna ya aikata, ina jin zafin ana yabonta. A Islamiyya malamarmu ta sha yi mana wa'azi a kan hassada, ni kuwa kullum in tana yi sai in riƙa lissafa matan unguwa da nake ganin da su take. Ban taɓa kawo kaina a ciki ba.

'Yata kuwa ta lalace. Ba ta barci, ba ta cin abinci, bini-bini sai ta kai yatsa ƙarƙashin hancin yaron ta ji ko yana numfashi. In za ta shiga wanka sai ta bar ƙofa a buɗe, ta watsa ruwa biyu ta fito a guje. Ruwan nononta ya ragu, yaron ya fara kukan yunwa. Sai in same ta zaune ta zuba masa ido hawaye na zuba, tana cewa wace irin uwa ce ita, an faɗa mata an sake faɗa mata amma ta bar abin a kusa da shi. Ni kuma sai in dama kunu in ajiye a gabanta in ce ki sha, ƙaddara ce, kowa yana kuskure. Kun ji fa, ni ce nake ba ta haƙuri a kan laifina.

Bayan mako guda Hajiya ta dawo, ta same ni ni kaɗai a madafi, ta jawo kujera ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jaririn kwana ashirin ba ya jawo bargo mai nauyin wannan, ba ya sauka daga katifa ya hau filo, ba ya kuma cusa gefen bargo a ƙarƙashinsa. Ta ce ba za ta faɗa wa yarinyar ba, ba za ta faɗa wa ɗanta ba, domin in maganar ta fito daga bakinta to ta raba 'ya da uwarta ke nan, ita kuwa ba ta karɓi yarinyar don ta ƙwace ta daga hannuna ba. Amma ta ce in duba yadda take ƙarewa a tsaye, kuma ni kaɗai ce nake riƙe da maganinta. Sannan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce tun bayan suna ta ba yarinyar shawara ta sa bargon a akwati, yarinyar ta ƙi, ta ce shi ne abu na farko da Yaya ta taɓa zama ta yi saboda ita, tana so ta riƙa jin sa a jikinta. Abin da na ɗauka wulaƙanci ne, ashe ƙauna ce.

Kuna tsammani na faɗi na nemi gafara? Ina! Cewa na yi ai ta ji daɗi yanzu, ta samu abin da za ta riƙe ni da shi. Ta tashi ta ce Allah ya huci zuciyata, ta tafi. Haushin da na ji a ranar shi ne har sirrin zuciyar 'yata ita aka faɗa wa, ba ni ba. Na ƙara kwana uku ina fama da kaina.

A rana ta huɗu da hantsi 'yata tana zaune a tsakar gida da yaron a cinya, ta ce mini ta yanke shawara, in an yi arba'in za ta roƙi Mama ta riƙa kwana da shi a ɗakinta, ita sai dai a kawo mata ya sha nono, domin ba ta yarda da kanta ba kuma. Har yau ban sani ba ko tausayinta ne ya buɗe mini baki, ko kuwa jin za a miƙa wa Hajiya jikana ɗungurungum. Ina fata tausayi ne, amma na yi alkawari ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai ji na kira sunanta. Sunanta na yanka, wanda tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakina ba. Ta waiga hagu da dama tana neman wanda ya kira ta, sannan ta gane ni ce.

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, filon, ninkin bargon, cusa gefen, har da maganar da na shirya zan yaɓa wa Hajiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta ƙara matse ɗanta a ƙirji, sannan ta tambaye ni dalili. Na ce saboda kina ce mata Mama. Sai ta ce tun tana ƙarama a ƙauye take jira wata rana in ce mata ta daina ce mini Yaya, ba ta taɓa ji ba, ta ɗauka haka na fi so. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba bargon ba ne, domin ta san ban yi nufin cutar da shi ba, kwana goma sha ɗayan nan ne da na zuba mata ido tana cin kanta ina miƙa mata kunu. A ranar ta ci abinci, ta yi barci har la'asar, yaron yana rigingine a katifarsa. Washegari ta aika wa mijinta, ya zo da mota ya kwashe su, ba ta cika arba'in a gidana ba. Mata suka yi ta tambaya, na ce jikin yaron ne yake son kusa da Hajiya.

Bayan wata huɗu ta zo da kanta ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ni ma na je Mai'adua na nemi gafarar Hajiya, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba. Amma har yaron ya fara tafiya uwarsa ba ta taɓa barinsa shi kaɗai da ni a ɗaki ba. In za ta kewaya sai ta goya shi, ko ta kira ƙanwarta. Ina gani, ina ji a raina, ba ni kuma da bakin magana. Yanzu ya girma yana makaranta, in ya zo sai ya ce matarsa ta tsufa zai sake wata, in ce tafi can miji ba ko sisi. Bai san komai ba. Bargon yana ƙasan akwatina, ban sake saƙa irinsa ba, kuma duk wadda ta zo in yi wa jaririnta bargo sai in ce mata ta zaɓi riga da safa.

Abin da ya sa na rubuto ke nan, musamman saboda kakanni irina. Cewa mun haifi bakwai ko goma mun naɗe su sun rayu ba hujja ba ce, Allah ne ya tsare mana su, kuma akwai waɗanda aka tashi aka tarar babu rai aka ce iska ce ko maita, ba wanda ya dubi abin da aka lulluɓa musu. Ku kwantar da jariri rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ku kawar da filo da bargo da tarin zannuwa daga inda yake, ku bar fuskarsa a buɗe, in kuna jin masa sanyi ku ƙara masa riga. In wanda ya fi ku sani ya faɗa muku gaskiya ku karɓa, ko da kuwa mutumin da ba kwa so ku ji ta daga bakinsa ne. Kada ku mai da jariri wurin gwada wadda ta fi iko da uwarsa, shi bai san ana yi ba, numfashinsa kawai yake nema. Ku kuma masu kunyar 'ya'yan fari, ku yi kunyarku a gaban mutane, amma ku samu rana ɗaya ku faɗa wa yaran nan da baki cewa kuna son su, kada ku bari sai kun saƙa shi a bargo.

Ni yanzu na iya kiran sunan 'yata, ina kiransa a gaban kowa, masu cewa ba ni da kunya su yi ta faɗa. Ita kuwa har yau Yaya take ce mini, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin da zan ce ta canza ba.